Takardar Koke Zuwa Fadar Zazzau Kan Yadda Ake Yi Wa Iyayen Yara Bayani A Asibiti

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli,
ta hannun hakimai da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ban girma da biyayya. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu iyayen yara ne daga Ƙofar Doka da Kwarbai da Tudun Jukun da Gyallesu da wasu ƙauyukan kewaye. Kukanmu yau ba na tsadar magani ba ne, ko da yake shi ma yana nan. Kukanmu na magana ne: abin da ake gaya wa uwa in ta kai ɗanta asibiti, da abin da ba a gaya mata.

Mata biyu za su shiga ɗakin likita da yara masu ciwo iri ɗaya. Wadda ta gaisa da Turanci za a ce ta zauna, a gaya mata sunan cutar da dalilinta, har a tambaye ta ko tana da tambaya. Wadda ta yi sallama da goyonta sai a rubuta takarda a miƙa mata, "Je ki saya ki ba shi." Kafin ta gyara zani an kira na gaba.

Ni mai rubuta wannan takarda a gidana abin ya faru. Da damina ɗana ɗan shekara 2 ya kwana da zazzaɓi, uwarsa ta kai shi wani asibiti, aka ba ta maganin ruwa aka ce cokali ɗaya sau uku a rana. Ba wanda ya ce wane cokali. Ta ɗauko na cin shinkafa, alhali ƙaramin cokalin shayi ake nufi, mai cin mililita 5. Babban kuwa yakan kai 15. Kwana biyu ana ɗura wa yaro ninki uku, sai da wani mai kemis ya ga yadda kwalbar ta yi ƙasa ya tambaya. Allah ya tsare. Da ta koma, faɗa aka rufe ta da shi, wai ba a rubuce yake a jikin kwalba ba? A rubuce yake, ranka ya daɗe, amma da Turanci. Ita kuwa ta sauke Alƙur'ani, tana karanta ajami tsaf, boko ne ba ta yi ba.

Irin wannan ba ya ƙirguwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana 3 ne, safe da yamma, amma da jiki ya yi sanyi sai uwa ta ajiye saura don wata rana, tunda ba a gaya mata cutar na iya dawowa ba. Garin gishiri da sukari na gudawa, ƙulli ɗaya a lita 1 na ruwa mai tsafta ake damawa, ga masu zubawa a kofin shayi. Wata maƙwabciyarmu an ce mata ɗanta "SS ne", aka tsaya nan. Ba a ce mata sikila ce ba, ba a ce gado ne daga uwa da uba duka ba. Dangin miji suka ɗora mata laifi ita kaɗai, sai da manya suka shiga kafin auren ya tsira.

Mu ma da namu laifin. Uwa takan ɓoye cewa ta ba yaro jiƙo ko ta kai shi wurin wanzami, likita ya yi aiki a duhu. Amma tsoron tsawa ke sa ta ɓoyewa. Wadda aka taɓa ce wa "sai da ya kusa mutuwa kika kawo shi" a gaban jama'a, gobe ba za ta buɗe baki ba, wataƙila ma ba za ta dawo rigakafin ƙyanda na wata 9 ba. Mun kuma san ma'aikata sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo, kuma Zariya gari ne da ɗalibai daga ko'ina a Najeriya ke zuwa koyon aikin lafiya, ba dukansu ke jin Hausa ba. Akwai masu haƙuri a cikinsu da muke yi wa addu'a kullum.

Sai dai abin da muke nema ba alfarma ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ma'aikacin lafiya ya yi bayani, gwargwadon iko, da harshen da mutum ke ji, tare da la'akari da matakin karatunsa.

Don haka muna roƙon Mai Martaba ya kira shugabannin asibitoci da na sashen lafiya na ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari a zauna a fada. A sa mai fassara a duk ɗakin ganin yara, har da mai jin Fulatanci saboda matan rugage. A riƙa rubuta ƙa'idar shan magani da Hausa, boko da ajami, da hoton rana da wata ga wadda ba ta karatu. Masana harshe na Jami'ar Ahmadu Bello suna nan Samaru, ba sai an je nesa ba. Abin da ya fi damunmu kuwa ba ya cin ko kwabo: kafin uwa ta fita, a ce ta maimaita abin da aka gaya mata, a nuna mata murfin awo da hannu. Limamai kuma su ja hankalin magidanta su riƙa raka iyalansu, don sau da yawa ana neman izinin ƙarin jini ko kwantar da yaro, maigida yana kasuwa waya a kashe.

In fada ta buƙaci jin bakin matan da abin ya shafa, a shirye suke su zo da katunan asibitinsu ranar da aka sa mana.

Allah ya taimaki Sarki, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
iyayen yara na unguwannin da aka ambata.