Wasiƙa Zuwa Ga Malam Bashir Kan Motar Da Yake Shirin Saya

Kolumbus, jihar Ohayo,
Amurka.

Aminina Malam Bashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Binta da yara baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyin da ya fara kunno kai.

Saƙonka ya iso, har da hotunan motar. Na ga Honda Element ce ƙirar 2008, ruwan toka, kuma ka ce tana hannun wani dillali a Kano. Na zaɓi in zauna in rubuto maka a tsanake, domin maganar ta fi ƙarfin 'yan mintocin waya, kuma ina so ka riƙe takardar nan a aljihu ranar da za ka je duba ta.

Babbar damuwarka ita ce an ce maka kamfanin ya daina ƙera ta. Gaskiya ne. Honda ta fara fito da ita a ƙirar 2003, ta tsaya a 2011. A wani ƙaramin gari mai suna East Liberty aka riƙa haɗa ta, tafiyar kamar awa guda daga inda nake zaune. Dalilin dainawar kasuwa ce kawai. A shekarar farko an sayar da sama da 67,000, amma zuwa 2010 cinikin ya faɗi zuwa wajen 14,000, alhali 'yar'uwarta CR-V tana ta tashi kamar me. Abin dariyar ma, samari masu yawon shaƙatawa kamfanin ya ƙera wa ita, sai ga shi dattawa da masu kiwon karnuka ne suka fi rububinta. Ba wani mugun ciwo aka gano a jikinta ba.

Ka dubi Pontiac Vibe da ta cika titunanmu. Ita ba motar kaɗai aka daina ba, sunan Pontiac ɗin ma gaba ɗaya kamfanin General Motors ya rufe shi a 2010. Ka taɓa jin mai Vibe ya ajiye motarsa don rashin kayan inji? Ba ka ji ba, domin cikinta na Toyota ne, ita da Matrix uwa ɗaya uba ɗaya. To haka Element take. An gina ta a kan ƙashin CR-V ta wancan zamani, injinta kuwa K24 ne mai lita 2.4 da silinda 4, dangin wanda ke cikin Accord ɗin da muke kira EOD da DC. Duk bakaniken da ya taɓa kwance EOD ya san hanyar cikinta. Filogi, famfon ruwa, kwayil, gasket, kai ko injin sukutum idan ta kai ga haka, za ka samu a Ƙofar Ruwa ko Fantekar Kaduna ba tare da dogon yawo ba. Kuma sarƙar taimin take amfani da ita, babu zancen bel ɗin da zai tsinke maka a daji. Injin nan yana da juriya ƙwarai muddin ana ba shi baƙin mai mai kyau a kan kari.

Inda dainawar za ta cije ka shi ne gangar jiki. Fitilun gaba da na baya, bamba, robobin nan da suka rufe fenda, ƙofofi, gilasai, duk nata ne ita kaɗai, babu wata Honda da za a ciro a ɗaura mata. Ranar da ɗan adaidaita sahu ya goge maka fitila a kasuwa, jira za ka yi a nemo daga Ladipo ta Legas, ko ka kira ni in sa maka a kaya. Gilashin gabanta a miƙe yake sosai, tsakuwa ba ta zamewa idan ta doke shi, shi ya sa ya yi suna wajen tsagewa, musamman a ƙirar farko-farko. Saboda haka idan ka ga fitila a fashe ko gilashi da tsaga, kada ka yarda dillali ya ce maka ai ƙaramin gyara ne. A cire kuɗin daga farashi, ko ya gyara kafin ka biya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa na ce sai na rubuto. Malam, motar nan kujera huɗu gare ta. Huɗu cif. A baya kujeru biyu ne masu zaman kansu, da bel biyu, tsakiyarsu babu mazauni. Kai da Hajiya da yara huɗu kun zama shida, ban ma lissafa Inna ba ranar asibiti. Na san mu da iya cusa yara a mota, amma a nan babu ko inda za a cusa su cikin aminci. Sannan nauyin da kamfanin ya ƙayyade mata, mutane da kaya a haɗe, fam 675 ne, wato kilo 306 ko kusa da haka. Yi lissafin da kanka. Kai da yaron gonarka kun ci kilo 140, saura buhun masara ɗaya da rabi. Ido zai yaudare ka, domin idan aka ɗage kujerun baya aka rataye su a gefe, ko aka cire su gaba ɗaya, cikin yana zama fili fetal, sai ka ga kamar buhu shida zai shiga. Zai shiga ɗin, amma shokabzoba da sifirin ne za su biya bashin.

Ƙofofinta ma sai ka gwada da hannunka. Na baya ta baya suke buɗewa, babu ginshiƙi a tsakiya, kuma ba sa buɗuwa sai an fara buɗe na gaba. Wajen loda kaya abin sha'awa ne. Wajen sauke yara a makaranta kuwa, kullum sai na gaba ya buɗe tasa ƙofar tukuna. Tagogin baya kuma ba sa sauka ƙasa, ɗan turawa kawai ake yi su buɗe kaɗan. Ka tuna zafin Katsina a watan Afrilu, ka tuna ranar da esi zai ƙi aiki.

Ba na so ka ɗauka kushe ta nake yi, domin ina son motar. Ƙasanta roba ce mai kauri maimakon kafet, kujerun kuma yadinsu ba ya saurin shan ruwa. Taki, buhun gawayi, kajin gidan gona, ko ɗan akuya, ka ɗauko ka share ka goge, shi ke nan. Sai dai ka gargaɗi masu wankin mota kada su sa mata tiyo a ciki, akwai wayoyi a ƙarƙashin robar. Ƙofar but ɗinta biyu ce, ɗaya ta ɗaga sama ɗaya ta kwanta ƙasa, har zama ake yi a kanta. Kuma ka yi sa'ar shekara. Daga 2007 aka ƙara mata giya ta zama biyar a otomatik maimakon huɗu, ƙarfin injin ya tashi zuwa doki 166, aka sa jakunkunan iska na gefe, aka kuma mayar da bel ɗin gaba jikin kujera. A da a jikin ƙofar baya yake, sai direba ya kwance bel kafin na baya ya fita. Ka dai leƙa bayanta ka ga ko an rubuta SC. Idan ita ce, wannan ta birni ce, an sauke ta ƙasa, an shimfiɗa mata kafet, kuma ba ta da fowil, wato ja da tayoyi huɗu. Ba ta dace da hanyar gonarku ba. Ko sauran ma tsakaninsu da ƙasa bai wuce santimita 17 da ɗoriya ba, CR-V ta fi su tsayi. Fowil ɗin nata kuma irin wanda ke shiga da kansa ne idan tayar gaba ta fara zamewa. Zai fitar da kai daga taɓon damina da ɗan yashi, amma kada ka biyo sawun Hilux da ita.

Ranar dubawa, ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, kuma abu na farko a hau da ita kan rami. A jihohin arewacin ƙasar nan, har da tamu Ohayo, gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan cin ƙarfe yake yi. Element ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa a daidai inda hannun tayar baya ya kama gangar jiki. Idan wurin ya ruɓe, motar ta gama yawo, walda ba za ta ba ka kwanciyar hankali ba. Ya sa sukudireba ya caccaki wurin. Idan kuka ga an fesa wa ƙasan baƙin fenti sabo fil, ku tambayi abin da ake ɓoyewa. Wadda ta yi rayuwarta a Teksas ko Arizona ko Kalifoniya takan fito da ƙasa mai tsabta.

Ka kuma turo mini lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, za ka gan su ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba. Da ita zan ciro tarihinta a Carfax, kamfanin da ke adana tarihin motoci a nan, mu ga jihar da ta zauna, ko ta yi haɗari inshora ta sallama ta aka yi gwanjonta, ko ambaliya ta taɓa cinye ta, da kuma ainihin tafiyar da ta yi. Motar 2008 da mitarta ke nuna mil 70,000, ni dai sai na ga shaida. Da lambar kuma zan duba maganar jakar iska. Element tana cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakunkunan kamfanin Takata na Japan, wanda matsalar ta durƙusar da shi a 2017. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, sai ya fashe da ƙarfi ya watso ɓaraguzan ƙarfe a fuskar direba, kuma an yi asarar rayuka. A nan kyauta ake canzawa. Idan ba a canza mata ba kafin ta hau jirgin ruwa, to nauyin ya dawo wuyanka, ga shi kuma ƙasar zafi ta zo.

Sauran abubuwan ƙanana ne, bakanike zai gane. Ku je da sassafe ku tayar da ita da sanyinta ku saurari inji. A sa mata na'urar dubawa, domin lambar P2646 ta saba fitowa a irinta, galibi daga ƙarancin baƙin mai ko datti a solonoyid ɗin VTEC, kuma wurin yakan yi yoyo. Idan mai fowil ce, ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali. In ka ji gurnani daga baya, man aksul ne ya tsufa, kuma nata na musamman ne, Dual Pump Fluid II. Man giya ma DW-1 na Honda take so, kada a ɗura mata na kowa da kowa. Gwada mukulli a ƙofar direba, makullanta suna saurin cinyewa. A leƙa salansa a ga ko abin tace hayaƙin nan da bakanikai ke kira indomi yana nan, domin ɓarayin nan ƙasar sun matsa wa na Element lamba, a gida kuma ka san akwai masu fafe shi.

Takardun kwastan kuwa kada ka ɗauke su da wasa. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma akwai iyakar shekarun motar da ake bari ta shigo. Idan dillali ya ce maka sabuwar sauka ce Baljiyam, ya nuna maka yaushe ta sauka, ta wace tasha, ka kuma je ka tantance takardar dutin da kanka. Idan kuwa an daɗe ana hawanta a gida, ya faɗi gaskiya a yi cinikinta a haka.

Sai mai. Siffarta ta akwati ce, iska take ɗauka da ƙirji. A lissafin hukuma a nan, lita ɗaya tana kai ta kilomita 8 da rabi a cikin gari, 10 da ɗoriya a babbar hanya, wannan ma tana sabuwa ke nan. Daga Katsina zuwa Kano ka ware lita 17 zuwa sama, dawowa ma haka. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, wannan ba lissafin da mai albashi zai tsallake ba ne.

Ga ra'ayina, tunda shi ka nema. Da a ce Corolla ɗinka za ka riƙe, Element ta zama ta gona da kasuwa, da na ce idan ƙasanta ya fito lafiya kuma takardu sun cika, ka saya ba tare da fargaba ba, ka ma yi amfani da zancen dainawar ka karya farashi, tunda dillalin ya san masu nemanta ba su da yawa. Amma ka ce sayar da Corolla za ka yi ka cika. A haka ban goyi baya ba. Da kuɗin nan ka nemi CR-V ta 2005 ko 2006, injin danginsu ɗaya, kujera biyar, kayan jikinta ko'ina akwai, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba za ta kwana a hannunka ba. Idan kana son kowa ya samu mazauni, akwai RAV4 daga ƙirar 2006 da wasunsu ke zuwa da layin kujeru na uku, ko da yake na yara ne. Ka shawarci Hajiya ma, ita ce za ta riƙa fama da ƙofofin nan kullum safiya.

Ko me ka yanke, kada ka ba da kafin alƙalami sai lambar shasin ta iso hannuna na ba ka amsa. Kwana ɗaya ya ishe ni.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ina yi mata addu'a. Gaisuwa ga Malam Lawal da sauran 'yan majalisarmu ta ƙofar gida. Maman Khalifa tana gaida Hajiya Binta, ta ce a tuna mata alkawarin kuka da daddawa idan an samu mai tahowa.

Wassalam.

Naka har kullum,
Aminu