An gama aikin ƙafar motar, amma ban sauke ta ba

Assalamu alaikum mutumin Jamus,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Madam da yara. Yaya sanyi, yaya aiki? Tun saƙon nan naka mai layi biyu kan maganar filin ban sake jin ɗuriyarka ba. A majalisa har an fara cewa ka koma cin dankalin Turawa ka manta da mu, ni kaɗai nake kare ka. Maganar filin sai a wata wasiƙar. Amma akwai abin da ba zan iya riƙewa ba sai na faɗa maka tukuna: an gama aikin ƙafar motar nan, kuma wallahi yanzu na san ina tuƙa mota.

Corolla ɗin nan dai da ka sani, 'yar 2006, wadda ka matsa in sayar tun kafin ka tafi. Ban sayar ba, ba ni kuma da niyya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, naira ta shiga halin da ta shiga, duk mai mota mai lafiyayyen inji sai ya riƙe abarsa hannu bibbiyu. Injinta bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Ƙafa ce ta gaji. Kullum ina kan hanyar Wudil safe da yamma, ka kuma san yadda hanyar take zama ran Juma'a saboda kasuwar shanu. Tirela ta gifta ni, iskarta ta bugi motar, sai in ji ta yi gefe sannan ta dawo, ga sitiyari a hannuna amma ban san inda tayoyin suke ba. In na faɗa ɗan rami sai ta yi ta lilo kamar kwalekwale a kogin Wudil, sai ta ga dama take tsayawa. In na taka birki da ƙarfi, gabanta ya duƙa, bayanta ya ɗaga. Abin da ya fi tayar min da hankali tayoyin baya ne. Na shafa hannu a kansu na ji sun ci tudu da kwari, nan ya lotsa, can bai lotsa ba. Oga, bakanikena, yana gani ya ce tayar tsalle take yi a kan kwalta, shokozoba ya daina danne ta.

Na san abin da za ka ce, don ka sha faɗa: a sa gajeren sifirin, ƙarfen nan mai naɗi da ke ɗauke da nauyin mota, na Eibach ko H&R, a sauke ta ƙasa, a ɗora rim 17. Malam, ka daɗe a can. Ka manta damina a Kano ne? Irin sifirin ɗin nan yana sauke mota wajen inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan incin shi ne yake ba ni damar haye tudun rage gudu na bakin makarantar yara ba tare da na bar salansa a wurin ba. Yanzu ma in manya huɗu suka shiga, ga buhun shinkafa a but, sai na karkace nake hawa. Ga lungunmu da ruwa yake zaizayewa duk Agusta. Siririyar taya kuma a kan babban rim, rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya lanƙwasa rim ɗin ya fito wa tayar da ƙulu a gefe.

Ba ma tsayin ne kaɗai ya hana ni ba. Masu son tauri suna ɗauka duk yadda mota ta ƙara tauri haka take ƙara kama hanya. A kwaltarku mai santsi, haka ne zuwa wani mataki. A tamu mai faci a kan faci, in ƙafa ta cika tauri taya ba ta bin ƙasa, tsallake gargadar take yi, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana. Ni abin da nake nema shi ne jikin motar ya nutsu, tayar kuma ta samu damar hawa da sauka. A wurinku in mutum ya canza sifirin sai da takardar amincewa, ga TÜV, masu duba lafiyar mota, na jiransa duk shekara biyu. Nan kuwa samari injin yanka ƙarfe suke sa wa sifirin su datse zagaye ɗaya ko biyu, wasu ma wutar walda suke hura masa har ya zauna. Ƙarfen da aka ƙona ya rasa ƙarfinsa, wanda aka datse kuma yana iya ficewa daga mazauninsa in taya ta sauka rami. Ɗan gidan Liman haka ya yi wa Civic ɗinsa. Na yi masa magana, na kuma yi wa babansa, don yaron da ƙannensa yake yawo a ciki.

Af, ka ji Ciyaman zai ƙara aure? Bayan Sallah za a ɗaura. Mutumin da ya rantse a gabanmu, kai ma kana wurin, ranar da muka ci tsire a Sabon Gari ruwa ya tare mu. Dogo ya ce shi ba zai yi anko ba sai an biya shi kuɗin wancan. Ka shirya gudummawarka, kuma da yuro ake so, kada ka turo addu'a kawai irin ta bara.

To, ga abin da aka yi. Sifirin ɗin motar na asali muka bari, don Oga ya auna tsayinta ta kowane ɓangare ya ga ba ta zauna ba. Sifirin ne yake ɗauke da nauyin mota, shokozoba aikinsa kashe lilon. Saboda haka shokozoba huɗun muka canza gaba ɗaya, ban yarda da canza ɗaya a bar ɗan'uwansa ba, don mota sai ta riƙa ja gefe guda a birki. KYB na saya, na kamfanin Japan ɗin nan, samfurin Excel-G mai gas. Amfanin gas ɗin a ƙasa mai zafi irin tamu babba ne. Man da ke ciki in ya sha aiki ya yi zafi kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta riƙe komai, shi ya sa tsohon shokozoba kan yi dama-dama da safe, kafin ka kai Gano ya saki. Iskar naitirojin da aka matsa a ciki ita take hana kumfar.

Sayen ma aiki ne. Da lambar shasi na je Ƙofar Ruwa, don Corolla ta shekara ɗaya ma ta Amurka daban, ta Turai daban, tawa kuwa 'yar Amurka ce. Dattijon da Baba yake sayayya a wurinsa tun da can shi ya samo min, ya buɗe kwalin a gabana ya nuna min lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ta yi daidai da ta kwali. Ya danna sandar ƙasa ya saki, ta taso a hankali da kanta har ƙarshe. Kafin nan wani ya kawo wa Oga wasu gareji wai 'yan Beljiyam ne, a rabin kuɗi, baƙin fenti sai sheƙi. Oga ya kankare gindin ɗaya da sukundireba, sai ga ɗigon walda. Huda shi aka yi aka ɗura mai aka toshe aka fesa fenti. Araha ba ta ado. Ya mayar masa da kayansa ko zama bai ce ya yi ba.

Ranar aikin a garejin na wuni, kuma ina so ka san irin mutumin da Oga yake, don kai kullum cewa kake ba mu da bakanike a ƙasar nan. Na gaba shokozoba da sifirin a haɗe suke, sai an matse sifirin kafin a kwance notin sama. Wani yaro ya ɗauko igiya zai ɗaure, Oga ya daka masa tsawa ya aika aka aro ƙarfen matsewa na gaske. Sifirin da ke matse in ya kuɓuce yana iya fasa wa mutum fuska. Da aka buɗe, kan shokozoban na sama robarsa ta tsattsage, shi ma aka canza, da robar kare ƙura. Bushin, wato robobin da ke jikin lowa am, ƙarfen ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota, sun mutu murus, har da hannu kana iya girgiza su. Linkejin stabilaiza su ne masu ƙwas-ƙwas ɗin nan da uwargida take cewa kamar akwai abin da zai faɗi. Bol join ɗaya, gaɓar da taya ke juyawa a kanta, da kan tayarod ɗaya, sandar da sitiyari ke juya taya da ita, suka bi su.

Abin da ya fi burge ni sai da aka zo ɗaure lowa am. Ya sa notikan ya bar su sako-sako, ya ce a sauke jak a tura motar kan rami. Sai da nauyinta ya zauna a kan tayoyinta sannan ya shiga ƙasa ya ɗaure su tamau. Na tambaye shi dalili, ya ce, “Alhaji, roba a zaune take aiki, a zaune ake ɗaure ta. In na ɗaure tana rataye, kana sauke ta robar ta murɗe, kafin damina ta fita ka dawo.” Mutumin nan bai yi boko mai nisa ba, amma abin da littafin gyara ya ce ke nan.

Wuri ɗaya na yarda a ƙara tauri fiye da yadda kamfani ya yi, shi ne bushin na sandar stabilaiza, sandar nan da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don kada mota ta kwanta a kwana. Ƙanin uwargida ya taho min da na poliyuretan, wani irin filastik mai tauri, daga Dubai. Sun fi roba tauri, sandar tana kama aiki nan take. A lowa am kuwa roba na mayar, don can ne duk dukan rami yake bi ya shigo jikin mota. Aibinsu ɗaya, suna son giris, in ya bushe sai ƙara, kuma ina jiran in ga yadda za su yi da ƙurar hunturu.

Daga nan sai alaimen na kwamfuta, wato daidaita saitin tayoyi, don duk wanda ya taɓa ƙafar gaba bai yi alaimen ba sabuwar taya zai ci. Tayoyin baya na canza su, 195/65 a rim 15 yadda take tun asali, na kuma duba lambobi huɗun nan na gefe da ke nuna mako da shekarar da aka yi taya, don kada a ba ni wadda ta tsufa a shago. Sai iska. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba 30 ta ce a gejin iska, masu faci kuwa in ba ka tsaya a kansu ba 45 ko 50 za su ɗura maka, wai don ta daɗe. Rabin masu kukan motarsu na dukan baya iska ce ta yi musu yawa.

Washegari da sassafe na kama hanya. A kwanar gadar Hotoro na fara jin bambanci: na juya sitiyari, motar ta bi nan take, kafaɗata ba ta jingina da ƙofa ba. Bayan Mariri akwai wurin nan da kwalta ta yi tudu, inda dā sai na rage gudu sosai. Ta hau, ta sauka, ta zauna, shi ke nan. Tirela ta wuce ni na ji iskar amma motar ba ta bar layinta ba. Na samu fili na gwada birki, ta tsaya a miƙe. Gudu ban ƙara ba, ba shi na je nema ba. Amma na isa wurin aiki wuyana da kafaɗuna ba su ɗaure ba, da yamma kuma na dawo gida da sauran ƙarfin zama da yara.

Sai dai ranar da na kai Hajiya asibiti ganin likitan bayanta, muna hawa lungu ta ce, “Wai me ka yi wa motar nan ne, na ji ta yi ƙarfi?” Ba ta ce tana jin ciwo ba, na kuma tambaye ta ta ce babu komai, amma ka san Hajiya, ko akwai ba za ta faɗa ba. Abin ya tsaya min a rai. A ƙananan gargada lallai yanzu an fi jin hanya. Saboda haka maganar shokozoban Bilstein B6 da kake ta yi min talla, a bar ta. Na san kaya ne masu kyau, amma sun fi waɗannan tauri, kuma motar da ke ɗaukar Hajiya iyakarta ke nan. Yanzu in tana ciki gaba nake sa ta, in ɗan kwantar da kujerar, in bi ta titin da ya fi kyau ko da ya fi nisa.

Hirar ta sa ta tuna 504 ɗin Baba, har ta yi dariyar ranar da muka cika ta mu tara zuwa Zariya kai kana kan cinyar Dogo. Ka tuna yadda motar nan take shanye rami? Laushi gare ta, ƙafarta na da dogon zango, amma ba ta yawo a hanya. Ba banza ba ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Oga ya ce a kanta ya koyi aiki, kuma har gobe bai ga ƙafar da ta dace da hanyoyinmu irin tata ba.

Yanzu ga aike. In za ka zo bikin, ka taho min da gejin iska mai kyau, na aljihu, da sifanar nan mai auna ƙarfin ɗauri. Sifanar ta Oga ce, ina so in ba shi kyauta. Notin taya na motar nan 103 Nm ake so a ma'aunin ƙarfin ɗauri, yaransa kuwa hawa suke yi kan sifana da ƙafa. In ta yi nauyi a jaka ka rage cakulan Madam, mu nan dabino ya ishe mu.

Uwargida tana gaida Madam, ta ce hotunan sunan har yanzu ba ta gani ba. Auta ya shiga aji uku, ya kuma koma Arsenal saboda rigar da ka aiko, wannan alhakin yana wuyanka. Liman ya ce a gaya maka littafin da ka ara tun kafin tafiyarka yana nan yana jira. Ka gaida mutanenmu na can, ka kuma rubuto wasiƙa ta gaske, ba layi biyu ba.

Wassalam,
Naka har kullum,
Abokinka na Kano