Wasiƙa zuwa ga aminina da ya fara bincike a kan Magili

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, yaya sanyin can? Saƙonka ya iso, na yi murna ƙwarai da jin cewa ka tsayar da shawara a kan Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili da littafinsa Tajuddin, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Allah ya sa albarka. Amma ka ce ka samu hoton wani kwafi da aka gaya maka tun zamanin Rumfa yake, to a nan nake so ka yi taka-tsantsan.

Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Magili kuwa ya rasu a Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, wajen 1504. Shekarun matani daban, shekarun takardar da ke ɗauke da shi daban. Galibin kwafe-kwafen da za ka tarar a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Jami'ar Ibadan, na ƙarni na 19 ne ko farkon na 20. Gara da damina ba sa barin takarda ta daɗe a ƙasarmu, shi ya sa littafi yake rayuwa daga hannun wannan malami zuwa na wancan.

Hoto ba zai isar maka ba. Sai ka riƙe warƙar da hannunka, ka ɗaga ta wajen haske, ko ka sa fitila marar zafi a bayanta. Idan ka ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar, ta Italiya ce, irin wadda fatake suka riƙa kawowa ta Tarabulus da Masar. Idan kuma fuskar wata ka gani cikin garkuwa tare da sunan Andrea Galvani, to ta masana'antar garin Pordenone na Italiya ce, ta ƙarni na 19. Wannan kaɗai ya kashe maganar zamanin Rumfa. Ka auna tsawo da faɗin warƙa da milimita, ka ƙirga layukan kowane shafi, ka rubuta duka tun kana wurin, don ba lallai a sake buɗe maka gafakar ba.

Daga nan ka leƙa ƙarshen littafi, inda mai kwafa yake cewa ya kammala. Sau da yawa rana da wata kawai zai ambata, ya bar shekara. In ya sa shekarar da ramzi, wato da haruffa masu wakiltar lambobi, a nan mutane da yawa ke zamewa, musamman waɗanda suka yi karatu a Gabas. Lissafinmu na Magrib ne: shinun 1000 ce, sinun 300, sadi 60, alhali a Gabas shinun 300 ce. Ɗauki shinun da ra da ya da ha ƙarami. A namu lissafin 1218 ke nan, shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu. Wanda ya bi lissafin Gabas zai samu 518, ya mayar da littafin baya da shekara 700 bai sani ba. Don juya Hijira zuwa Miladiyya a gurguje, ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Wani lokaci ma mai kwafa yakan kwashe har da shekarar da ke jikin kwafin da ya kwafa daga gare shi, sai takarda ta ƙaryata shi.

Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, wato bangon fata, don haka suna cakuɗewa. Kafin ka karanta komai, bi kalmar nan da ake rubutawa ita kaɗai a ƙasan shafi, ka tabbata ita ce ta buɗe warƙar da ke biye. Inda ba su haɗu ba, ko dai warƙa ta ɓata, ko ta wani littafi ta shigo. Kada ka manta, a rubutunmu harafin fa yana da ɗigo ɗaya a ƙasa, harafin ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Tawadar bagaruwa da aka haɗa da ƙarfe tana cin takarda in ta tsufa, saboda haka ka juya warƙa da tafin hannu, ba da ɗan yatsa a kusurwa ba.

Abin da zai sauƙaƙa maka tahƙiƙi, wato tantance matani ta hanyar gwada kwafe-kwafe, shi ne Tajuddin babi takwas ne, kuma Magili yana ta maimaita jumlar nan da ke cewa tushen kowace masifa shi ne sarki ya ɓuya wa talakawansa. Ka mayar da ita ma'aunin gane inda aka tsallake. Ka tara kwafi uku aƙalla daga garuruwa daban-daban, ka sa wa kowanne harafi, ka lura da kuskuren da biyu suka yi tarayya a kai, domin shi ke nuna daga uwa ɗaya suka fito. Fassarar Tajuddin zuwa Turanci da Baldwin ya yi a 1932 tana da amfani, amma kada ka gina hujja a kanta sai ka koma Larabcin. Ɗaya wasiƙar da Magili ya rubuta wa Rumfa a 897 Hijira kuwa, cikin Tanbihul Ikhwan na Shehu Usmanu za ka same ta, wato ta hannun mutanen jihadi ta iso mana, bayan shekara 300 da wani abu. Tarihin Kano ma da Palmer ya fassara a 1908, a ƙarshen ƙarni na 19 aka tsara shi yadda muka san shi. Ka faɗi haka ƙarara a gabatarwar kundinka.

In za ka gidajen malamai, kada ka shiga da kyamara a hannu. Ka samu wanda zai gabatar da kai, ka je gaisuwa tukuna, ka nemi izini, in an ba ka hoto kuma ka mayar musu da kwafinsa bugagge.

Ka turo mini hoton shafin ƙarshe na kwafin nan naka mu duba ramzin tare. A gaida mai ɗaki da yara.

Wassalam,
Naka amini.