Rahoton Kwamitin Ruwa Kan Gyaran Rijiyar Burtsatse ta Garinmu

Jama'ar gari, assalamu alaikum. Rijiyar burtsatsen da ta daɗe a mace ta dawo aiki, kuma kwamiti ya ga ya dace kowa ya san abin da ɗaliban injiniyan da suka zo daga jami'a suka yi, tare da malamin da ya sa musu ido.

Da farko ra'ayin mafi yawanmu shi ne a haƙa sabuwa, tunda injin tura ruwa biyu ne suka ƙone a tsohuwar. Ɗaliban suka ce a dakata a auna tukuna. Suka zura igiyar awo, suka samu zurfinta mita 52, ruwa kuma yana tsaye a mita 11 daga baki, a tsakiyar bazara. Aka kawo kwamfuresa, injin hura iska mai ƙarfi, aka hura rijiyar na awa 6 har laka da yashi suka daina fitowa. Daga nan aka ja ruwa awa 24 ba tsayawa, ana rubuta saukarsa a takarda. Da aka riƙa jan lita 1,800 a awa, ruwan ya sauka zuwa mita 29 ya tsaya cak. Da aka ƙara ƙarfin ja, sai ya yi ta zurarewa ƙasa. Nan asirin ya tonu: tsofaffin injinan suna jan fiye da abin da rijiyar ke iya bayarwa, ruwa ya ƙare, inji ya ci gaba da juyi a bushe, shi kuwa ruwan ne ke sanyaya shi. Ashe rijiyar lafiyarta ƙalau. A ganinmu wannan awon shi ne mafi amfani cikin duk aikin, domin ya hana mu zuba kuɗin haƙa a banza.

Lissafin ya tafi haka: mutum 600, kowa lita 20 a rana, ya kama lita 12,000. Da yake da hasken rana sabon injin ke aiki, jan lita 1,800 a awa cikin rana mai ƙarfi ta awa 6 zuwa 7 yana ba da kusan hakan. An sa inji mai wat 750 a mita 38, ƙasa sosai da inda ruwa ke tsayawa, amma nesa da gindin rijiya don kada ya zuƙi yashi, kuma an haɗa masa na'urar da ke kashe shi da zarar ruwa ya yi ƙasa. Farantan sola huɗu ne masu wat 300, suna kallon kudu. Tankuna biyu masu lita 5,000 suna bisa ƙarfe mai tsayin mita 6. Lita 1,000 tan guda ce, wato tan 10 ke nan a sama, shi ya sa aka zurfafa tushen ƙafafun aka zuba kankare da rodi, aka yi ta ba shi ruwa kwana 7, ba a ɗora nauyi ba sai da ya cika kwana 28. Masu cewa an yi jinkiri su yi haƙuri, dalilin ke nan.

Maganar tsabta ce ta fi tayar mana da hankali. Gwajin farko ya nuna ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida, alhali ƙa'ida ita ce kada a samu ko ɗaya cikin mililita 100. Daɓen bakin rijiyar ya tsage, ba a kuma toshe gefen bututun da siminti ba tun asali, don haka ruwan sama yana bin jikinsa ya gangara ciki. Ga kuma masai a mita 18 kacal. An tone kewayen bututun mita 3, an cike da ruwan siminti, an yi sabon daɓe mai gangare da magudana zuwa ramin tsakuwa. Maigidan da ke da masan ya amince aka cike shi, aka haƙa masa wani fiye da mita 30 daga rijiya. Allah Ya saka masa da alheri. Sai aka zuba kulorin mai ƙarfi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya kwana a ciki, aka yi ta jan ruwa har warin ya ɓace. Gwaji na biyu ya fito fes.

Kuskure ma an yi. Bututun da ya tsallaka hanyar kasuwa an binne shi santimita 30 kawai, amalanke ta fasa shi cikin mako guda. An sake binne shi a santimita 60, cikin wani bututun ƙarfe da ke kare shi. Kawunan famfo masu araha kuma ba su jure hannun yara ba, an canza duka shida.

An koya wa matasa biyu aikin kulawa. Za su riƙa goge farantan da tsumma mai laushi da sassafe, sau biyu a mako, kullum kuwa idan hazon hunturu ya sauka, domin ƙura tana rage wuta. Za a wanke tankuna duk wata shida, a sake gwada ruwan bayan saukar damina. Kuɗin jarka yana shiga asusun gyara, ma'aji zai karanta lissafi duk ƙarshen wata a ƙofar dagaci. Takardun awo da zanen layin bututu suna wurin sakatare, kuma kada wani mai gyara ya canza inji sai ya duba su.