Wasiƙa daga Marwa kan nazarin finafinan Chadi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Nan Marwa sai godiya, hunturu ya shigo da ƙurarsa.

Na karanta tsarin bincikenka kan harshe da siyasa a finafinan Mahamat-Saleh Haroun, mutumin Abeche ta ƙasar Chadi. Zaɓin ya yi. Abin da bai kwanta mini ba shi ne ka ce da fassarar ƙasan allo za ka yi aiki. Malam, wannan ba za ta kai ka ba. Layi biyu ne kacal, kowanne harafi arba'in ko kusa da haka, cikin daƙiƙa shida sun wuce. Dole mai fassara ya yi yanka, kuma gaisuwa da addu'a da sunayen girmamawa su ke fara shan wuƙa. Uwa uba, ba ta nuna inda mutum ya bar Larabcin Chadi ya koma Faransanci, alhali nan siyasar take: da wane harshe ake magana da hukuma, da wane ake roƙon tsoho.

Dubi sunan fim ɗinsa na 2006, Daratt, wanda ya ci kyauta a bikin finafinai na Venis. Da "rani" aka fassara shi. Amma ka tambayi duk wani Balaraben Shuwa a kasuwar Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken Injamena, darat a wurinsu lokacin ɗaukewar ruwa ne da girbi, kakarmu ke nan. Labarin fim ɗin, na yaron da aka tura ɗaukar fansa bayan an yi wa masu laifin yaƙi afuwa, in ka karanta shi da kaka, wata ma'ana ce daban.

Ka ja layi huɗu a takarda: minti da daƙiƙa, maganar yadda ta fito daga baki, harshen da aka yi ta, sai fassarar allo. Ka samu mai jin Larabcin Injamena ya zauna da kai. Larabcin makaranta ba zai fisshe ka ba. Minti biyar na fim kan ci awa guda, kada ka ɗebo da zafi.

Sai batun kwafi. Silima na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, faifan DVD na Turai 25, don haka fim mai minti 90 sai ya dawo kusan 86. In ba ka faɗi kwafin da ka yi aiki da shi ba, mai duba aikinka zai nemi wurin ya rasa.

Ka turo mini babi na farko in ka gama. A gaida su Hajiya da yara.

Naka amini.