Zuwa ga ɗana mai zanen fasta

Assalamu alaikum ɗana, ya aiki? Mamanka ta nuna min fastar da ka yi wa masu wasan kwaikwayon nan a wayarta, ta ce har dandamalin ma kai suka ba ka tsara. Wallahi na ji daɗi, Allah ya yi maka albarka. Amma shekarun da na yi a gaban injin buga takardu ba za su bar ni in yi shiru ba.

Kada sikirin ya ruɗe ka. Shi da haske yake haɗa kala, RGB kenan, injin kuma tawada huɗu ya sani, CMYK, shi ya sa shuɗin nan mai ƙyalli da kake so in ya sauka a takarda sai ka ga ya dushe kamar an wanke shi, kuma kwastoma kai zai riƙe ba injin ba. Ka saita kalar a CMYK tun farko, hotunan su kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe don wuƙar yanka ba ta da ido, sau nawa na ga ta cinye rabin lambar waya. Salon haruffan ma ka duba, da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar suna.

A buga maka gwaji ɗaya, ka manna a bango ka ja baya taku goma. In sunan wasan da rana da wuri ba su shiga idonka nan take ba, kwalliyar ta yi yawa, rage.

Dandamali kuma mutane za su hau shi, nan ne hankalina bai kwanta ba. Ka fara haɗa ƙaramin samfuri da kwali, ka zauna da kafinta ka ji ta bakinsa kan abin da zai ɗauki nauyi, ka zauna da mai fitilu, don jan fenti in koriyar fitila ta hau shi baƙi yake komawa. Sannan ka je kujerar ƙarshe da ta can gefe ka zauna, su ma kuɗinsu suka biya.

Kar ka ji kunyar karɓar kafin alƙalami, kuma ku rubuta gyara sau nawa ne.

Kafin ka kai wurin bugu ka turo min fayil ɗin in duba gefunan.

Babanka