Kiɗan metal mai tsanani yana da asali, kuma a masana'antar ƙarfe aka haife shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan kiɗan metal, wani kiɗan Turawa da wasu samarin zangonmu suka fara saurara a wayoyinsu, wanda manya suke kira kukan aljanu. Makon jiya a Aboabo wani dattijo maƙwabcina ya karɓe wayar ɗan ƙanena bayan ya ji gurnani da ganga mai zuba kamar ruwan sama a kan rufin kwano, ya tambaye shi daga ina wannan abu ya fito, yaron kuwa ya yi tsit domin bai sani ba. Wannan shirun ya fi karɓe wayar damuna.

Ni mai walda ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, fiye da shekara talatin, kuma abin da ya fara jan hankalina ga kiɗan shi ne labarin Tony Iommi, makaɗin gitar ƙungiyar Black Sabbath, wadda aka kafa a Birmingham ta Ingila a 1968. Yana ɗan shekara 17 injin wata masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Duk wanda ya taɓa aiki da injin yankan ƙarfe ya san yadda gaban mutum ke faɗuwa idan ya ji irin wannan. Maimakon ya jingine gitar, sai ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya koma ga tsirkiyoyi marasa kauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu domin rage zafin dannawa, sai sautin ya yi ƙasa, ya yi nauyi. Wannan nauyin shi ne tubalin farko na kiɗan metal. Kada kuma a manta cewa kafin nan ƙungiyar kiɗan bulus take yi, kiɗan baƙaƙen Amurka, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka, da yawansu daga gaɓar tekunmu.

Saurin kuwa ƙungiyar Motörhead ce ta ƙara shi, musamman a faifanta Overkill na 1979, inda makaɗin yake taka manyan ganguna biyu da ƙafafu ba tsayawa. Samari uku na Newcastle masu suna Venom suka haɗa nauyin da saurin, suka bar sautin da dattinsa ba tare da gogewa ba, kuma sunan faifansu na 1982, Black Metal, shi ya zama sunan reshe guda na wannan kiɗa. Daga gare su ƙungiyoyin Bathory ta Suwidin da Hellhammer ta Suwizalan suka ɗauka, a Amurka kuma Possessed a 1985 da Death a 1987 suka mai da rera waƙa gurnanin da dattijonmu ya ji. Gidajen rediyo ba su sa musu kiɗa ba. Kaset suke kwafa su aika wa juna ta gidan waya, har ƙungiyar Sepultura ta Burazil ta samu masu saurara a Turai ta wannan hanya. Ni ma nawa kaset ɗin na farko wani ɗan'uwa ne mai aikin jirgin ruwa a Tema ya kawo mini.

Ba zan ɓoye ba, akwai abin ƙi a ciki. Venom da wasu magadanta sun cika waƙoƙinsu da ambaton Shaiɗan domin su razana jama'a, kuma ni Musulmi ban yarda da wannan ba, irin waɗannan waƙoƙin tsallake su nake yi. Sai dai yaron da bai san tarihin ba, ba ya iya bambance irin waɗannan da waƙar da Black Sabbath ta yi a 1970 tana la'antar shugabannin da ke tura 'ya'yan talakawa yaƙi su kuma suna zaune a gida. Shi ya sa nake roƙon iyaye su zauna su tambayi abin da ake faɗa kafin su hana, samari kuma su koma ga tsoffin faifan kafin su ce sun san na yanzu.

Ranar Asabar na kai ɗan ƙanen nawa rumfata bayan an tashi aiki, na sa masa faifan Black Sabbath na farko, wanda ya fito a Fabrairun 1970, mai buɗewa da ruwan sama da tsawa da ƙararrawa. Da gitar ta shigo sai ya ce, "Baba, ai a hankali suke tafiya." Na ce masa ya jira zuwa ƙarshen waƙar.

Wassalam,
Mai karatunku daga Aboabo, Kumasi